Wasan Ɗalibai, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, duk shekara idan ranar nan da muke kira Rag Day ta matso, sai muhawara ta tashi a ɗakunan kwana da wurin cin abinci a kan iyakar wasan ɗalibi. Waɗansu su ce a wannan rana ɗalibi ba shi da linzami, waɗansu kuwa su ce a soke ta baki ɗaya kowa ya huta. In gardama ta yi zafi, ba a rasa wani mai baki da zai miƙe ya ce ai daga Ingila muka gaji abin, kuma a can har mota ɗalibai suka taɓa ɗorawa a kan rufin jami'a, hukuma ta yi dariya ta ƙyale su. Maganarsa gaskiya ce, sai dai rabinta ya faɗa. Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya kamata mu bi labarin har gidansu, watau garin Kembirij, mu ga abin da ya faru, da abin da aka ƙara wa gishiri, da kuma abin da aka binne.

Kembirij gari ne da ke mil 50 da 'yan kai arewa da Landan, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Cam. Jami'arsa ta samo asali a shekarar 1209, kuma rikici ne ya haife ta. A Oksfod aka zargi wani ɗalibi da kashe wata mace, mutanen gari suka kama waɗansu 'yan makaranta suka rataye su, sauran suka watse, waɗansunsu suka yada zango a Kembirij. Yau jami'ar tana da kwalejoji 31. Wurin da samari masu ƙarfi a jika da kaifin ƙwaƙwalwa suka yi shekara fiye da 800 suna shiga suna fita, ba zai rasa tarin labaran shaƙiyanci ba.

Mu fara da motar. Wata safiya a cikin watan Yuni na 1958, mutanen gari suka farka suka tarar da ƙaramar motar ɗaukar kaya, ƙirar Austin Seven, zaune daram a kan rufin Zauren Majalisar Jami'a, ginin da ake ba da digiri a cikinsa, mai tsawon kusan ƙafa 70. Ɗaliban injiniya ne na kwalejin Gonville and Caius suka yi aikin, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Peter Davey. Tsohuwar mota suka samo wadda ta daina aiki, suka cire mata inji domin ta yi sauƙi, suka ajiye ta a lungun da ke gefen zauren. Da dare ya raba suka kasu uku. Kashi ɗaya a ƙasa wurin motar, kashi ɗaya suka shimfiɗa katako tsakanin rufin kwalejinsu da na zauren suna miƙa kayan aiki, kashi na uku kuwa suka harhaɗa abin ɗaga kaya mai siffar harafin A da ƙarafan nan da magina ke kafawa su hau, suka ja motar sama da igiyar ƙarfe. Kafin gari ya waye sun kwashe kayansu sun koma ɗaki. Abin da suka ɗora a dare guda, sai da hukuma ta yi kusan mako tana fama da shi, daga ƙarshe aka yanka motar gunduwa-gunduwa da wutar walda aka sauko da ita. Limamin kwalejinsu, Hugh Montefiore, wanda daga baya ya zama bishop na Birmingham, bai ce ya san kome ba, amma ya aika da akwatin giya mai tsada zuwa sashen da yake zargi. Sai a 2008, bayan shekara 50, waɗanda suka rage daga cikinsu suka taru suka bayyana wa duniya yadda suka yi.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1963 waɗansu suka ɗaure kwale-kwale huɗu wuri ɗaya, suka ɗora wata motar suka gangara da ita cikin kogi, suka rataye ta da igiya a ƙarƙashin rufaffiyar gadar kwalejin St John's, gadar ba ta ko ƙwarzane ba. A saman babbar ƙofar kwalejin Trinity akwai mutum-mutumin Sarki Henry na Takwas, wanda ya kafa kwalejin a 1546. Shekara da shekaru ya yi yana riƙe da ƙafar kujera a hannun da ya kamata ya riƙe sandar mulki. Mawaƙin nan Byron, da ya tarar dokar Trinity ta hana ɗalibi ajiye kare, sai ya duba ya ga ba ta ambaci dabbar nan ta ƙasashen sanyi da ake kira beya ba, ya je ya samo ɗaya ya ajiye. Akwai kuma masu hawan gine-gine da dare. A da ana kulle ƙofofin kwalejoji da dare, wanda ya makara dole ya koyi tsallake katanga, har abin ya zama wasa mai zaman kansa, aka buga littafi a kansa a 1937 da sunan aro na Whipplesnaith. A 1965 irin waɗannan mahaya suka rataya ƙyalle mai kiran zaman lafiya a Biyetnam tsakanin hasumiyoyin majami'ar kwalejin King's, inda duk gari zai gani.

Ba za mu yi munafunci mu ce waɗannan ba su ba mu dariya ba. Akwai basira a cikinsu, akwai lissafi, akwai shiri da riƙon sirri. Kuma wanda aka yi wa dariyar babba ne, ko sarkin da ya daɗe da mutuwa, ko hukumar jami'a, ko dokar da aka rubuta da gaggawa aka bar mata ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk da haka mu riƙe abu ɗaya a zuciya: ba injiniyoyin Caius ne suka yi makon nan a kan rufi suna yanka ƙarfe ba, ma'aikata ne waɗanda labarin bai kula ya adana sunayensu ba.

Daga wasa sai almara, domin tagwaye ne. Duk baƙon da ya shiga kwale-kwale a kogin Cam, da wuya ya sauka bai ji labarin Gadar Lissafi ta kwalejin Queens' ba. Gada ce ta katako wadda ido ke ganinta a lanƙwashe kamar baka, alhali kuwa duk katakanta miƙaƙƙu ne, iya jeri ne ya ba ta wannan siffa. Masu tuƙi sukan ce Isaac Newton ne ya gina ta ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, daga baya waɗansu ɗalibai masu ƙaiƙayin hannu suka wargaza ta don su gano sirrinta, suka kasa mayar da ita, dole suka sa mata noti. Labari mai daɗi, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Newton ya mutu a 1727, gadar kuwa a 1749 aka gina ta, shekara 22 bayan an binne shi. William Etheridge, wani gwanin kafinta, shi ya zana ta, James Essex ya gina. Tun ranar farko akwai ƙarfe a gaɓoɓinta, sai dai ta waje aka buga shi, mai tafiya a kai ba ya gani. An sake gina ta a 1866 da 1905, kuma a ginin ƙarshen ne kawunan notunan suka fito fili, masu almara suka sami abin kafa hujja.

Haka nan gadar kwalejin Clare, wadda ta fi kowace gada a garin tsufa, aikin magini Thomas Grumbold na wajen 1640. An ƙawata ta da dunƙulallun duwatsu 14, ɗaya daga ciki an yanke masa ɓari kamar yadda ake yanka kankana. Almara ta ce maginin ne ya yanke don ba a cika masa ladansa ba. Masana gini kuwa sun fi karkata ga cewa gyara aka yi wa dutsen, toshin ya saki ya faɗa ruwa. Ita ma bishiyar tuffa da ke gaban Trinity, wadda baƙi ke ɗaukar hoto a gindinta, a 1954 aka dasa ta daga reshen ta asali. Ta asalin tana Woolsthorpe, gidan su Newton, inda ya koma a 1665 lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'a.

Wani zai ce mene ne laifin 'yar ƙarya mai sa nishaɗi? Laifinta shi ne tana da alƙibla. A duba da kyau: almarar Gadar Lissafi ta ƙwace aikin kafinta ta ba wa shahararren malami, wanda ko ba ita sunansa ya cika duniya. Haka almara ke yi, ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ta shafe sunan mai guduma. Kuma yadda take ƙara abin da bai faru ba, haka take zubar da abin da ya faru in ba shi da daɗin ji. Ga kaɗan daga wasannin ɗaliban Kembirij waɗanda mai bakin nan namu ba ya kawowa a gardama.

A watan Mayu na 1897 aka kaɗa ƙuri'a a kan ko jami'a za ta fara ba mata digiri. A lokacin kwalejojin mata biyu, Girton da Newnham, sun haura shekara 25 da kafuwa, kuma a 1890 wata ɗalibar Newnham, Philippa Fawcett, ta fi namijin da ya zo na ɗaya maki a jarrabawar lissafi, amma ba ta da ikon karɓar digiri. Ranar ƙuri'a ɗalibai maza suka rataya mutum-mutumin mace a kan keke daga tagar wani gini da ke fuskantar Zauren Majalisa, zauren nan dai da aka ɗora wa mota. Da sakamako ya fito, fiye da 1,700 sun ƙi, 662 sun yarda, sai suka sauko da shi suka yayyaga, suka ɗunguma da ragowarsa zuwa ƙofar Newnham, mata na ciki a kulle suna jin ihunsu. A 1921, bayan wata ƙuri'ar, suka koma da amalanke suka rafka wa ƙofar tagulla ta kwalejin, wadda aka yi don tunawa da shugabarta ta farko, har suka lalata ta. Su a wurinsu wasa ne. Mata ba su fara karɓar cikakken digiri a Kembirij ba sai 1948.

A watan Maris na 1905 kuma, lokacin da Sarkin Zanzibar Ali bin Hamud yake ziyara a Ingila, wani ɗalibin Trinity ɗan masu kuɗi, Horace de Vere Cole, da abokinsa Adrian Stephen da waɗansu, suka buga wa magajin garin Kembirij wayar tangaraho cewa kawun Sarkin yana tafe. Suka shafa baƙin fenti a fuska, suka sa manyan riguna da rawuna, suka sauka daga jirgin ƙasa, aka tarbe su da karusa, aka yi musu liyafa a zauren majalisar gari, aka zaga da su kwalejoji har da tasu, suna ta surutun banza da sunan harshen Afirka. Da asiri ya tonu magajin gari ya nemi a kore su, hukumar jami'a ba ta kore su ba. A 1910 suka maimaita wa sojan ruwan Ingila a jirgin yaƙi mai suna Dreadnought, a matsayin 'ya'yan sarautar Habasha. Har yau ana ba da labarin a matsayin gwanintar zolaya. Mu kuwa da muka san kwanan wata, dariyar ba ta fita. Shekara 9 kafin wannan wasa, a 1896, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Zanzibar ruwan wuta cikin ƙasa da sa'a guda, aka kashe ko aka raunata mutum wajen 500. Shekara 2 kafinsa, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. Fatar mutanen da ake ci da yaƙi, da rawaninsu da harshensu, su ne kayan wasan.

Me ya ba ɗalibai wannan ƙarfin hali? Sun san akwai katanga a bayansu. Shekaru aru-aru jami'ar tana da ikon da ya fi na hukumar gari, har ya kai ga a boren talakawa na 1381 mutanen gari suka kwaso takardun gatancinta suka ƙona a tsakiyar kasuwa. Jami'ar tana da 'yan sandanta da gidan kasonta, inda take tsare duk macen da aka zarga da lalata tarbiyyar ɗalibai, shugaban jami'a ya yanke mata hukunci, saurayin kuwa ya koma karatunsa. Sai da aka kama wata yarinya 'yar shekara 17, Daisy Hopkins, a 1891, babbar kotu ta sake ta, gari ya ɗauki zafi, sa'an nan majalisar dokoki ta soke wannan iko a 1894. Watau wasan ɗalibi yana da araha ne domin wani ke biyan kuɗinsa.

To, mu dawo gida. Ita kanta Rag Day tana da tata almarar. Yawancinmu mun ɗauka sunan daga tsumma ya fito, shi ya sa muke yaga riguna mu shafa gawayi. A jami'o'in Ingila kuwa kalmar tsokana da hayaniya take nufi, daga baya ne aka ɗaura mata tara kuɗin taimakon marasa galihu domin a ba hayaniyar wata manufa. Mun gaji manufar, mun gaji hayaniyar, kuma kowa ya san wadda ta fi yawa a cikinsu idan aka tare hanya aka hana direba wucewa sai ya biya, ko aka kewaye mai tallar gyaɗa ana kaɗa mata gwangwani a kunne, ko aka bi ɗaliba da ihu daga ɗakin karatu har ƙofar masaukinsu, ko aka mai da sabon ɗalibi, wanda muke kira jambito, abin wulaƙanci a makonsa na farko. Washegari kuma masu shara su fito da tsintsiya tun da asuba, mu muna barci.

Ba sai mun je Ingila neman ma'auni ba, muna da shi a gida. Bakano da Bazazzagi suna wasa, Bafulatani da Babarbare suna wasa, haka taubasai, haka jika da kaka. A watan azumi 'yan tashe suna kwaikwayon malami da mai kuɗi da mijin da ya kasa riƙe gida, Nalako yana farautar gwauraye a birnin Kano, kowa yana dariya har wanda ake yi dominsa. Sharaɗin duk wannan guda ne: wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, kuma gobe za ku gaisa. In ɗaya yana da iko ɗayan ba shi da shi, in ɗaya yana dariya ɗayan yana neman hanyar gudu, sunan abin ya tashi daga wasa ya koma zalunci, ko da kuwa an yi shi da kyakkyawan Turanci.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da kwamitin shirya bikin bana da su tsaya a kan abubuwa huɗu. Na farko, kada a tare hanya, kada a tilasta wa kowa ba da ko kwabo; sadakar da aka ƙwata da tsoro fashi ce. Na biyu, a ba kowane mai tara kuɗi gwangwani a rufe mai lamba, a ƙirga a bainar jama'a, a liƙa lissafin a allon sanarwa tare da sunan asibiti ko gidan marayun da aka kai wa. Na uku, duk wanda ya ci zarafin ɗaliba ko ɗan gari ko sabon ɗalibi da sunan wasa, ƙungiya ta fara hukunta shi da kanta kafin hukumar jami'a ta ji. Na huɗu, waɗanda suka ɓata wuri su ne za su share shi, kafin masu shara su iso. Ba muna neman a kashe raha ba ne. Jami'ar da ɗalibanta ba sa iya yi wa manya dariya, ba za ta fitar da masu iya gaya musu gaskiya ba. Wanda ke da basirar injiniyoyin Caius, ga fili ga mai doki, ya nuna mana a kan dokar da ba ta da ma'ana ko shugaban da ya cika girman kai, ya bar mai tallar gyaɗa ta sayar da gyaɗarta.

Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshi, wannan magana ba ta tsallake ku ba. Ɗalibin da ya haɗiye labarin gadar Newton bai tambayi shekarar mutuwarsa ba, shi ne ma'aikacin da gobe zai sa hannu a takarda don an ce ai haka aka saba. Wanda kuma ya saba wani ya share masa ɓarnarsa yana ɗalibi, ba zai ji nauyin barin talaka ya biya kuɗin kuskurensa yana babban sakatare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A tsakiyar wani fili na Kembirij mai suna Parker's Piece, daidai inda hanyoyi biyu suka gicciye, akwai wata tsohuwar fitilar titi. Tun farkon shekarun 1970 wani ya rubuta mata suna a jiki, wanda ma'anarsa ita ce shingen duba gaskiya, irin shingen da 'yan sanda ke kafawa a hanya. An sha gogewa, ana sake rubutawa, har sunan ya zauna. Waɗansu sun ce alama ce ta inda duniyar ɗalibai ta ƙare, ta mutanen gari ta fara. A cikin dukan wasannin garin, wannan ne muka fi so a kwaikwaya, domin ba ya bukatar mota ko igiya. Ranar bikin bana, duk wanda ya iso ƙofar jami'a da gwangwaninsa a hannu, ya ɗan tsaya ya tuna cewa mutanen da zai tarar a waje, harajinsu ne ya gina ɗakin da yake kwana a ciki.

Allah Ya sa a yi lafiya a gama lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.